Kofunan Gilashi Shida

Ranar da 'yarsa ta shigo da wani kwali a rungume, jikin mai gyaran agogo ya ba shi akwai abin da ke tafe. Shekara ashirin ke nan babu abin fashewa a gidansa. Kofi na roba, faranti na roba. 'Yarsa ta tashi tana ɗauka maƙo ne kawai irin na Baba.

"Albashina na farko ne," ta ce, tana jera kofunan gilashi shida a kan kantar kwanuka. "In malamin lissafi ya turo manyansa neman aure, a kofin roba za mu ba su ruwa? Wannan da wuta ta lashe wa baki?"

"Ruwa dai ruwa ne, Uwata."

"To ka sha naka a na robar, Baba. Ni na gaji."

Aikinta ɗibar jini ne a wani ƙaramin asibiti, kuma ana yabon hannunta. Ko jariri ne, sau ɗaya take soka allura ta sami jijiya. Shi ma da yatsu yake cin abinci, don haka ya san hannu. Ya san yadda na mahaifiyarta ya fara: kofi ya suɓuce, sai yatsu suka riƙa motsi su kaɗai, sai mantuwa, sai kwanciya ta shekara huɗu, har ta rasu. Likita ya ja shi gefe ya ce ciwon yana bin jini, ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira. Lokacin yarinyar tana wurin goggonta, ba ta ga komai ba. Da ta girma ya ce mata zazzaɓi ne. Da za ta cika takardar ɗaukar aiki ta tambaye shi ko suna da ciwon gado, ya ce babu, idonsa na kan wani agogo.

Bayan sati biyu ya tsinci fasasshen gilashi a kwandon shara, an naɗe shi da jarida. Ya leƙa kantar, saura kofi biyar. Bai yi shawara da kowa ba, ya yi abin da ya saba yi wa mahaifiyarta don kada ta tsorata: ya je kasuwa ya sayo irinsa sak, ya wanke, ya kife a gurbinsa.

A zuwa na uku mai shagon ya yi dariya. "Malam, ɗai-ɗai kake saye kamar ƙwayar magani? Ko aljani gare ka mai shan shayi?"

Uban bai yi dariya ba. A hanyar komawa yana jin ƙarar nan ta da, ƙarar gilashi a kan siminti, da muryar matarsa tana cewa santsi kofin ya yi.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a teburin aikinsa, tabarau a ido, sai ta shigo da tire ta ajiye masa kofunan a tsakiyar ƙananan kusoshi.

"Baba, ƙirga min."

"Shida ne."

"Na fasa uku." Ta miƙo masa hannu. "Na san na fasa, na share, ga yanka a yatsana. Amma kullum na duba, shida. Jiya a wurin aiki na rubuta sunan mutum a jikin kwalba, na sake dubawa har sau biyar, don na daina yarda da kaina. Baba, kaina ne ya taɓu?"

Ya cire tabarau. Agoguna goma sha biyu na bugawa a bango, kowanne da nasa lokacin. Tsoron da ya so ya kawar mata, shi ya dasa mata da hannunsa.

"Kanki lafiya lau, Uwata. Ni nake sayowa."

"Kai? Don me?"

Sai ya faɗa mata, tun daga kofin farko har maganar likita. Ba ta katse shi ba. Ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan teburin tana kallonsu kamar na baƙuwa. Shi ma ya ƙura musu ido, kamar yadda yake kallon agogon da aka kawo masa ana cewa wani lokacin yana tsayawa. Ba su motsa ba. Ko kuma ƙaramin yatsan ya ɗan motsa, bai iya rantsewa ba.

"Da allura nake shiga jikin 'ya'yan mutane, Baba," ta ce a hankali. "Ka bar ni na rubuta babu."

Ta ɗauki tiren ta mai da kofunan kan kantar.

Ranar Litinin ta roƙi a ɗauke ta daga ɗakin allura, ta miƙa wa abokiyar aikinta hannu aka ɗebi nata jinin don gwaji. Da yamma ta zauna da malamin lissafi a ƙofar gida ta faɗa masa komai. Da ta gama ya miƙe, ya ce zai dawo.

An ce sakamakon zai ɗauki wata biyu. Kofuna shida suna nan kife a kan kantar, ba mai taɓa su. Har yau uban bai sani ba ko santsin sabulu ne ya fasa ukun nan ko jinin uwarta, kuma bai sani ba ko malamin zai dawo.