Gawayi da Rikicin Ɗumame

A masaƙar babu wanda ya san ainihin launin fatar Gawayi, har shi kansa sai ya yi tunani. Aikinsa zuba kwal a cikin babbar tukunyar da ke dafa ruwan rini, kuma tun ranar da ya ɗauki shebur baƙi ya rufe shi, sai idanu da haƙora.

Zuciyarsa kuwa fara ce tas, kuma ta Tabarau ce, mai duba yadi, wadda ke hango zare ɗaya da ya karkace daga ƙarshen bandir. Kullum da rana takan sauko ɗakin tukunya da kwanonta, ta ɗora a kan bututun tururi, ta tsaya tana jira. Shi kuma ya jingina da shebur yana kallon bango, yana tsara mata kalamai masu sa dutse kuka. In ya buɗe baki sai ya ce, "Ya yi zafi." Ta ce, "Na gode." Ta tafi. A kan wannan yake rayuwa.

Sai ga Injiniya ta tara ma'aikata a ɗakin shanya. Ta nuna musu hoton hayaƙin da ke fita daga saman masaƙar, ta ce za a kashe tukunyar, a jera farantan sola a kan rufi, a koma rinin da ba ya buƙatar tafasasshen ruwa.

"Hayaƙinmu yana cikin abin da ke jawo ɗumamar yanayi," in ji ta. "Dole mu daina."

Kawu, tsohon masaƙi da ƙarar injina ta cinye masa rabin kunne, ya dafa kafaɗar na kusa da shi.

"Me za mu daina?"

"Ɗumama."

"Ɗumame? Ɗumamen ma hana mu za a yi?"

Kafin Injiniya ta juya hoto na gaba, magana ta zagaye ɗakin cewa kamfani ya haramta ɗumame. Masu guga suka fara gunaguni. Wata mai ninki ta ɓoye kwanonta a bayan bandir.

Gawayi ya ji abin da Injiniya ta faɗa sarai. Amma ya ga in tukunya ta mutu bututu zai huce, in bututu ya huce babu abin da zai sake sauko da Tabarau. Sai ya hau kan durom, kwal na zuba daga aljihunsa.

"Ranki ya daɗe, ɗumame ba abinci ba ne kawai," ya ce. "Abu ne da ya kwana cikin sanyi, shi kaɗai, ba wanda ya kula shi. Sai wani hannu ya ɗauko shi, ya kawo shi kusa da wuta. Ya fara jin rai na dawo masa. Ya so ya yi magana, ya kasa, sai dai ya yi ta tururi."

Kawu ya share ƙwalla. "Yaron nan ya san shinkafa."

"Malam, sauko kar ka faɗa cikin shuɗin rini," in ji Injiniya. "Ba wanda ya hana ɗumame. Zan sa muku na'urar ɗumama abinci a ɗakin cin abinci, ita ma da sola."

Aka tafa. Kawu ya ɗaga hannun Gawayi sama, yana shaida wa kowa cewa shi ya ƙwato musu haƙƙinsu. Gawayi bai taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Da bakinsa ya mayar da Tabarau hawa na biyu, inda ɗakin cin abinci yake.

Aka kashe tukunya. Sararin saman masaƙar ya washe, matan unguwa suka fara shanya fararen kaya a waje ba fargaba. Shi kuma aka ba shi farar riga da tsumma, aka tura shi rufi goge farantan sola. Ya yi wanka har sau ba adadi. Da ya shiga gida, ƙanwarsa ta gaishe shi da ladabi, ta ce yayanta bai dawo ba tukuna.

A kan rufin yake goge faranti yana ganin fuskar wani baƙo a ciki, yana tausaya wa kansa, yana ba tantabaru labari. Rannan da rana ya ji takun takalmi a matakala. Tabarau ce, tana haki.

"Sannu, Malam. An ce nan aka kawo Gawayi. Ka gan shi?"

Ya dube ta. Ta dube shi, babu alamar komai. Macen da ke gane zare ɗaya a cikin dubu.

Ya ƙanƙance murya. "Ya ɗan fita. Akwai saƙo?"

"Ka ce masa na'urar ɗumamen nan ba ta da kirki. Ƙara kawai take yi wa mutum." Ta gyara tabarau. "Ka kuma ce masa ni ko shayi sai ya huce nake sha. Duk abincin da na ɗora a bututunsa, sai na koma sama na yi ta fifita shi, har lokacin hutu ya ƙare. Na rame saboda bawan Allahn nan."

Tsumma ya suɓuce daga hannunsa, ya bi iska, ya sauka a kan Kawu da ke wucewa a ƙasa.

"Zan faɗa masa," ya ce, ya manta da ƙaramar muryar.

Ta matso, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta daɗe tana duba shi sama da ƙasa kamar yadin da ba ta yanke masa hukunci ba.

"Ashe kana da gira," ta ce.

"Ni ma jiya na gani."

"To matsa, ka tare inuwar."

Ya matsa. Daga ƙasa Kawu yana ta tambayar wa ya jefe shi.