Bindigar Katakon Baban Sive

Tun ranar da 'yan fashi suka tare motar burodin mijina Zwelethu a hanyar Mdantsane, suka kwantar da shi a kan kwalta, gidanmu bai sake jin wata hira ba sai ta bindiga. Ban ga laifinsa ba. Ni na wanke wandon da ya dawo da shi ranar, kuma ban taɓa faɗa wa kowa abin da na gani a ciki ba.

Ya zaɓi wata 'yar ƙarama mai araha, ba ta fi tafin hannu ba. Ya saya, amma tana kulle a shagon mai sayarwa sai lasisi ya fito, lasisi kuwa ba ya fitowa sai 'yan sanda sun tambayi matar mutum halinsa. Duk Asabar sai ya je filin gwajin shagon ya harba ta, ya dawo yana yarfe hannu.

"Harbin jaki gare ta, Maman Sive, kunamar ma da tauri," in ji shi. "Amma fa ba nauyi. In tana aljihu har mantawa mutum yake yi da ita."

Da jira ya ishe shi, sai ya sassaƙa irinta da katako, ya cusa mata ƙusoshi har nauyinsu ya zo ɗaya, ya shafe ta da baƙin fenti. Wai yana gwada aljihun da zai fi ɓoye ta. Ni kuma aka naɗa ni alƙali ba da yardata ba. Ina tsaka da tuƙa tuwon masara zai shigo kicin, ya juya gaba, ya juya baya.

"Kin ga wani abu?"

"Na ga tumbi."

"Yi magana ta hankali mana."

"Na ga tumbi, na ga bindiga a ƙarƙashinsa tana neman agaji."

Ta wajen ɓoyuwa kam, bindigar ta ci jarrabawa, don har mai ita take ɓace wa. Na tsince ta a bahon wanki. Na tsince ta a banɗaki. Ran Lahadi matar fasto ta tsince ta a coci, ta kawo mini ita ƙunshe a hankici, tana riƙe da ita nesa da jiki kamar mataccen ɓera. Na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata.

"Ai katako ne," in ji shi kullum. "In ta gaske ce, ba zan manta ba."

Hali zanen dutse ne. Tun da aka ɗaura mana aure nake bin bayan mutumin nan ina tsintar makulli da tabarau.

Wata Laraba da rana ina tsince wake, jikarmu Iminathi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta shigo tana tangaɗi. Ashe ta zaro bindigar katakon daga tsakanin kushin. Bakin bindigar yana cikin bakinta tana tsotsa kamar rake, babban yatsanta a gurbin kunama. Na san katako ne, a gabana aka sassaƙa shi, amma da gudu na isa wajenta. Na karɓe, na sa a aljihun rigata.

Zwelethu ya dawo daga aiki ke nan wayata ta yi ƙara. 'Yar sanda ce, Sajan Mqikela, mai binciken lasisi. Na buɗe muryar wayar don ya ji. Ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa, sai ka ce Sajan tana ganinsa.

"Mama, maigidanki yana shan giya?"

"Sai ranar biki."

"Yana dukanki?"

"Wannan? Kaza ma ni nake yanka masa."

Ta yi dariya. "To, akwai wani dalili da kike gani zai hana a ba shi bindiga?"

Ya zuba mini ido. Na san abin da yake roƙo, na kuma san gobe hanyar nan ce dai zai bi shi kaɗai da burodinsa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi. Na zaro katakon na ajiye a kan tebur, har yanzu da danshin yawu. Sai ya shafa aljihunsa. Tun safe bai san ba ta jikinsa ba.

"Akwai, Sajan," na ce. "Mijina mutumin kirki ne, amma yana da mantuwa, kuma muna da ƙaramar yarinya a gida."

Na ji tana rubutu. Ta yi godiya ta kashe.

Ya ɗauki bindigar ya juya ta. A bakinta akwai shatin ƙananan haƙora inda fenti ya ɓare. Ya dubi Iminathi tana wasa da murfin tukunya a ƙasa. Na jira ya ce ai katako ne, bai ce ba.

Washegari ya fita da aljihu wayam, yana waige-waige tun kafin ya kai mota. Na tsaya a ƙofa har ya sha kwana, wayata a hannu, kuma ban ajiye ta ba sai da ya dawo.