Iska a Bututun Kuloci

Da ya sani, da bai kwance motar ba ranar. Likita ya ce masa saura mako biyu ’yarsa ta haihu, shi ya sa ya ga gara ya canza mastan kuloci, famfon da ke tura mai, tun da wuri, don ya daɗe yana yoyo. Tsohuwar motar mahaifinsa ce, ba ya yarda makanike ya taɓa ta.

Ya ɗaura sabon ke nan, ya zuba man birki, sai ga ’yar tasa a bakin gareji, dafe da bango.

"Baba, kamar abin ya zo."

Mijinta ya yi tafiya, uwar tana wurin aiki. Uban ya kira maƙwabcinsa mai mota sau uku, waya a kashe. Ya taka kuloci, ya nutse laƙwas kamar soso. Iska ce a bututu, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne kuloci, ɗaya ya kwanta a ƙarƙashi ya sassauta ɗan noti, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa.

"Uwata, za ki iya zama a kujerar direba?"

"Shekara nawa ina roƙon ka kujerar nan? Sai yau."

Ya shige ƙarƙashi da sifana.

"Taka uku, ki riƙe. Kada ki saki sai na ce."

Ya sassauta, mai ya feso da kumfa. Sai ciwon naƙuda ya murɗo ta, ta janye ƙafa, iskar ta koma ciki yana ji. Suka sake, haka aka kuma. Ya ɗaga kwalbar mai, saura kaɗan a gindi. Faɗa ya zo masa har baki, ya haɗiye, don yana jin nishinta ta saman kansa.

Ashe shi ne bai lura ba. Ciwon zuwa yake, ya tafi.

"Daina bin umarnina," ya ce. "In ya lafa, ke za ki ce min."

Ya kwanta yana jira, mai na ɗiga masa a wuya.

"Yanzu, Baba. Yi sauri."

Ya buɗe, ya ɗaure. Suka jira wani ciwon ya wuce, suka sake. A karo na uku mai ya fito garau, ba kumfa.

"Ya yi tauri," ta ce. "Da ƙyar nake danne shi."

Ya kama ta ya mai da ita kujerar baya, ya tayar da mota, ya yi bismillah ya tura giya. Giyar ta shiga.