Sabuwar Ƙota Kafin Juma'a

Merv ya ajiye ƙotar bindiga ta huɗu a kan kanta, ya sake ɗaukar ta farko, wadda ya riga ya ce ba ya so. Glenys mai shagon ta jawo kujera ta zauna, don ta ga alamar wannan ciniki ba na tsaye ba ne.

"Wannan nawa kika ce?"

"Dala ɗari uku da ashirin. Sau uku ke nan kana tambaya, Merv, kuma ba ta sauko ba."

"Waccan fa, mai kama da ƙashin kifi?"

"Dubu ɗaya da ɗari huɗu."

"Har da bindigar?"

"Ƙotar kaɗai."

Ya cire hula ya sosa ƙeya. Tun da sassafe ya baro Cunnamulla, ya ci kilomita ɗari biyu zuwa Charleville, bindigarsa na kulle cikin akwati a bayan kujerar a-kori-kurarsa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana harbin kangaru yana kai wa masu nama, kuma ƙa'idar sana'ar ɗaya ce: a ka ake harbi. Wadda harsashi ya sama a wuya ko a kafaɗa, ɗakin sanyi ba ya karɓarta. A watan jiya an mayar masa da guda uku. Shi Merv, wanda a da in an ga ramin harsashi tsaf a ƙasan kunne, ba sai an duba takardar sunan maharbi ba.

Ranar Juma'a kuma zai sabunta lasisi, amma sai ya ci jarrabawar harbi. Harsashi biyar, mita ɗari, dukkansu su shiga da'irar da ba ta fi bakin kofin shayi ba. Yau Litinin. In ya faɗi, sai ya rataye bindiga, kuma mai shekara sittin da ɗaya wanda bai iya komai ba sai wannan, ina za shi?

Sai dai Merv ya riga ya gano mai laifin. Ƙotar ce. Katako ce, ta sha rana ta sha ruwa, kuma tun ambaliyar bara ta lanƙwashe tana danne bututun. Haka ya gaya wa matarsa, haka ya gaya wa mai awo a ɗakin sanyi, ya yi ta maimaitawa har shi ma ya yarda.

Ya zaro wasu takardu daga aljihu, duk sun yamutse. 'Yarsa ce da ke Brisbane ta buga masa su daga intanet, shafi goma sha ɗaya, don ta taimaki ubanta. Taimakon kuwa ya ƙara jagula masa lissafi.

"Ji nan. Wannan mutumin ya ce ta roba asarar kuɗi ce, in rana ta yi zafi takan yi laushi. Na shafi na gaba ya ce shekara goma yana aiki da ita, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wane ne maƙaryacin?"

"Watakila babu. Ɗaya a ƙasar ƙanƙara yake."

"Wannan mai falle-fallen katako fa?"

"Ɗari biyar da tamanin. Ba ta lanƙwasa, amma tana da nauyi. Ka ɗaga ta sau hamsin daga cinya zuwa taga, za ka gaya wa kafaɗarka."

"To, ta alminiyam."

"Ɗari tara. Sai dai gidan harsashinka ba zai shiga ba, sai ka sayi sabo. Kuma da hunturu riƙe ta kamar riƙe famfo ne."

"To wacce ta fi?"

"Ta fi a me?"

Shi Merv da ya zo da niyyar ya nuna abu da yatsa, ya biya, ya koma gida kafin rana ta yi tsaka. Kowace ƙota sai ta zo da alherinta a gaba, sharrinta na biye a baya, kuma mai tsadar ma ba ta tsira ba. Ransa ya fara ɓaci, bai ma san da wa ba.

Ana cikin haka ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, sai ga Darcy, mai kafa wayar shinge wanda yake farautar aladun daji a ƙarshen mako. Darcy irin mutanen nan ne da ba a tambayarsu shawara don ba sa jira a tambaya.

"A'a! Wa nake gani? Tsoho mai ran ƙarfe! An ce yanzu kangaru in sun hango fitilarka ba sa gudu, sai dai su kare kafaɗa."

"An ce uwarka."

"Tana gaishe ka." Darcy ya ɗauki mai tsadar, ya jinjina ta a hannu. "Wannan za ka saya, mutumina. Araha ba ta ado. Ka biya sau ɗaya, ka yi kuka sau ɗaya, shi ke nan."

"Kai irinta gare ka?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ta roba ce a tawa, na same ta a gwanjo. Alade ba ya tambayar farashi."

"To me ya sa ni zan sayi wannan?"

"Ai ni ba ni da jarrabawa ranar Juma'a."

"Waccan ta nuni ce, ba ta irin bindigarsa ba," in ji Glenys. "In na yi odar tasa yau, sai bayan mako shida."

"To ka sayi ta alminiyam."

"Gidan harsashina ba zai shiga ba."

"To ta katako."

"Nauyi."

Darcy ya tuntsire da dariya. "Kai ba ƙota kake nema ba, mata kake nema."

Glenys ta miƙe. Shekara ashirin ta yi tana riƙe wa mijinta fitila yana gyaran bindigogi, bayan ya mutu kuma aka gane rabin gyaran da ma ita ce take yi. Ta ce, "Je ka ɗauko bindigar. Na gaji da sayar da magani ban ga mara lafiya ba."

Ya kawo akwatin. Ta zare maƙullin bindigar ta ajiye gefe, ta leƙa bututun ta ga haske, sannan ta kwantar da ita a kan tabarmar roba. Ta ɗauko takardar dala biyar daga aljihun rigarta, ta naɗa ta a ƙarƙashin bututun, ta ja ta a hankali tsakanin ƙarfe da katako. In ƙota ta lanƙwashe, takardar takan maƙale. Wannan ta wuce sumul, daga baki har gindi. Ta sake ja, ta sake wucewa.

"Ba ta danne komai ba, Merv."

"Da sanyin safiya take yi."

Ta gwada kusoshin da ke haɗa ƙarfe da katako. A ɗaure suke tam. Ta girgiza madubin saiti, bai motsa ba.

"To bututun ne ya cinye," in ji Darcy.

"Bara na sa masa sabo," in ji Glenys.

"To harsashin ne."

"Ni nake sayar masa, kai ma shi kake saya."

In ba ƙota ba, ba bututu ba, ba harsashi ba, to me ya rage? Merv ya kalli ƙotocin nan huɗu kamar ɗayarsu za ta tausaya masa ta amsa laifin.

Glenys kuwa ta daina kallon ƙarfe, ta koma kallon wurin da kunci yake kwanciya. A gefen hagu na ƙotar akwai wani tudu da aka sassaƙa don kuncin mai harbi da dama, shekaru sun goge shi ya yi baƙi yana ƙyalli. Amma a can sama, a kan doron katakon, akwai wani sabon gurbi da fentinsa ya fara cinyewa. Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa.

"Darcy, je gidan burodi ka sayo mana fanke mai nama guda uku. Ka ce a rubuta sunana."

"Yanzu na ci."

"To je ka sake ci."

Darcy ya dubi fuskarta, ya ga ba wasa, ya fita yana gunaguni.

Ta miƙa wa Merv bindigar. "Ka ga agogon can na bango? Rufe ido duka biyu. Ɗaga ta kamar yadda ka saba, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe. Haka ake gwada ƙota, ba da takardun Brisbane ba."

Ya rufe ido. Bindigar ta hau kafaɗar dama da kanta, kuncinsa ya sami tsohon gurbinsa. Ya buɗe. Sai kansa ya ɗan zame, ya haye doron katakon, ya tsaya.

"Sake."

Ya sake. Kan ya sake zamewa.

"Me ya sa kake haye ƙotar?"

"Ban haye komai ba."

"Da idon hagu kake leƙawa, Merv. Bindiga a kafaɗar dama, ido na hagu. Wuyanka a murɗe kamar na kazar da ta hango shaho. A haka ko wa ka ba, sai harsashi ya yi yawo."

"Ƙarya ne."

"Rufe na hagu da hannu, ka gaya mini ƙarfe nawa."

Ya ajiye bindigar, ya ɗora tafin hannu a kan idon hagu. Ya ga bango, ya ga kewayen agogon. Tsakiyarsa kuwa hazo ne, kamar gilashin da aka huro wa numfashi. Ya ƙifta, ya murza, hazon bai tafi ba. Ya sauke hannun, sai ga hannayen agogo ɓaro-ɓaro, sha ɗaya da kwata.

Ashe an bar jaki ana dukan taiki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da a-kori-kura ta kife da shi a kwazazzabo. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne jikinsa ya san da zancen tuntuni, ya yi ta dabararsa a ɓoye, shi mai jikin ne kaɗai ba a gaya wa ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya, kamar ita ce ya kamata ta sani.

Ta dubi sabon gurbin. "Kafin fenti ya cinye haka? Shekara ɗaya da wani abu."

"To yanzu wacce zan saya?"

"A cikin waɗannan? Babu. Duk na masu dama ne. Ko mai dubu da ɗari huɗun ka saya, tudu za ta ƙara maka da za ka haye. Likitan ido kake bukata."

"Sai wata mai zuwa yake zuwa garin nan. Juma'a kuwa saura kwana huɗu."

Glenys ta durƙusa ƙarƙashin kanta, ta yi ta jan kwalaye, ta fito da wata ƙota baƙa mai ƙura, miƙaƙƙiya, ba tudu ba ado. Wani ne ya cire ta daga sabuwar bindigarsa don ya ce ta yi masa muni.

"Wannan ba ruwanta da dama ko hagu. Dala casa'in."

"Casa'in? Duk wannan wahalar a kan ta casa'in?"

"Ba ita za ta yi aikin ba. Kai za ka koma bahago."

"Da tsufana?"

"Da tsufanka. Ko ka tafi Juma'a da murɗaɗɗen wuya, ka ga abin da takarda za ta ce."

Minti goma ya ishe ta ta kwance tsohuwar ta ɗaura baƙar. Merv ya karɓa, hannayensa suka rasa wanda zai riƙe ina. Ya kai ta kafaɗar hagu, gindin ya zame, ya gyara. Gwiwar hannunsa ta tsaya a sama kamar ta mai koyon rawa. Yatsan hagu ya yi ta lalube kafin ya sami kunamar bindigar. Kunya ta rufe shi, ya gode Allah da Darcy ba ya nan.

Sannan ya kwantar da kunci, wuyansa a miƙe, ya leƙa. Zaren saiti ya fito siriri, baƙi ƙirin, ya zauna a kan lamba sha ɗaya. Har ƙudan da ke tafiya a gilashin agogon ya gani. Ya manta rabon da ya ga abu haka a cikin madubin nan. Sai dai zaren rawa yake yi, sama da ƙasa, don hannun da ke riƙe da gaba bai san aikinsa ba tukuna.

"Kwana huɗu za su isa?" ya tambaya, bai ɗaga kai ba.

"Ban sani ba, Merv."

"Harsashi nawa ake ƙonawa kafin hannu ya koya?"

"Shi ma ban sani ba. Fara da kwali uku. Kuma zan rubuta maka lambar likitan, ka kira yau, ba gobe ba."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Darcy ya shigo da ledar fanke, ɗaya ma ya riga ya gutsura. Ya tsaya turus.

"Tsoho, lafiya? Ai a baibai ka riƙe ta."

Merv bai sauke bindigar ba. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya jira zaren ya ɗan lafa.

"Na sani," ya ce. "Glenys, mayar da shi kwali biyar."