Tagar Ɗakin Tanderu

Huhun matar Maigilashi ya lalace, kuma a ɗakin aikinsa ya lalace. Likita bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban fitila, ya nuna wani fari-fari kamar an watsa gari a baƙin tire, ya ce ƙura ce, ta shekaru. Ya ce in ta bar ɗakin nan daga yau, abin da ya rage zai riƙe ta. In ta koma, kada a zo a tambaye shi.

Maigilashi ya ce to. Bai ji komai a ransa ba. A hanyar gida ma hankalinsa na kan tanderu, ko ya huce ko bai huce ba.

Sana'arsu narka gilashi ce. Suna yin murfin fitilu da farantai masu zanen ganye a jiki. Shi ke yanka gilashi, shi ke kula da wuta. Ita kuma injin yanka ne nata, ɗan ƙaramin inji mai hannu da ake murzawa. Akwai wata farar takarda mai kauri kamar bargo, wadda wuta ba ta cinyewa, suna ce mata takardar wuta. Sai ta shimfiɗa ta a kan wani ƙarfe mai kaifi da aka lanƙwasa a siffar ganye, ta haɗa su tsakanin katako biyu, ta tura cikin inji, ta murza. Ganye ya fito fes. Shi ya jera ganyen a ƙarƙashin gilashi, ya kunna tanderu, gilashi ya yi laushi ya kwanta a kansu ya ɗauki siffarsu. In an gama, takardar ta zama gari. Ita ke sharewa.

Dokarsa biyu ce a ɗakin. Ba a buɗe taga, don iska mai sanyi ta taɓa fasa masa aikin mako guda. Ba a shigo da ruwa, don ɗigo ɗaya a ƙasan tanderu kan tayar da kumfa a cikin gilashi. Saboda haka a bushe take shara, taga a rufe. Kuma in ganye ya maƙale a cikin ƙarfe, ba ta sa allura, don allura na yaga gefe. Bakinta take kaiwa ta hura.

Rediyo yake ce mata, don bakinta ba ya mutuwa. Tana murza inji tana ba shi labarin maƙwabta, tana yi masa tsiya, tana kiransa Malam Dutse.

"Malam Dutse, ranar da ka mutu sai na ce a rufe ka ba taga, kada iska ta fasa ka."

"Ke dai murza."

"Ina murzawa mana. Da baki nake murzawa?"

Bayan maganar likita ta zauna a ɗakin kwana. Akwai aikin wani otal a hannunsa, murfin fitilu masu yawa, duk da ganye. Ya ja kujerarta ya zauna gaban injin. Ya ɗauka abu ne na yara. Na farko ya matse katakon da yawa, hannun inji ya cije. Ya danna da ƙarfi, takarda ta fito a murƙushe. Na biyu ya sassauta, ƙarfe bai ratsa ba. Na uku ya fito, amma ya maƙale, ya sa allura, gefen ya yage. Yatsunsa manya ne, duk tabon gilashi, ba sa jin abu mai laushi. Kafin rana ta yi tsaka ƙasa ta cika da ɓarna.

Ƙanwar matar, tela ce, ta zo dubiya. Ta leƙa ɗakin aiki ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci da mayafi.

"Mijin Yaya, ganye kake yankawa ko kaza kake figa?"

"Wuce, ba wajen ɗinki ba ne."

"Na wuce. Amma ka ji ni da kyau, wasa daban magana daban. Kada in ji an ce Yaya ta tako nan. Ka maida wa masu otal aikinsu in ba za ka iya ba."

"Ban taɓa maida aiki ba."

"To ka fara. Ai ba a taɓa ce maka huhunta ya lalace ba sai yanzu."

Ya ci gaba da murza.

Washegari da hantsi yana kan fama sai ya ji takun matarsa. Ta sa takunkumin da aka ba ta a asibiti, ta jingina da ƙofa tana kallonsa.

"Wayyo takardata. Malam Dutse, ko ɓarawo ya fi ka tausayi."

"Koma ɗaki."

"Zan koma. Tashi in nuna maka sau ɗaya. Ba ƙarfi ake sawa ba, saurara ake. In ka ji ƙas, ka tsaya, ka dawo da shi baya."

Ya san abin da likita ya ce. Maganar na nan a kansa kamar yadda lambar gidansu take, ya sani, amma ba ta motsa shi ba. Ya tashi ya ba ta kujera.

Ta murza, aka ji ƙas, ta dawo da shi. Ganye ya fito, gefensa kamar an zana da reza. Ta yi na biyu. Na uku ya maƙale a ƙarfe. Ba ta ko yi tunani ba, ta ja takunkumin ƙasa, ta kai baki ta hura. Farar ƙura ta tashi a hasken fitila, ta sauka a girarta.

Maigilashi ya dubi taga. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ita. Amma akwai gilashi a tanderu yana hucewa, sai yamma zai iya shan iska. Ya ce a ransa gobe zai buɗe. Ya juya ya ɗauki abin yankansa.

Ba ta koma ɗaki ba ranar. Washegari ma ta fito, ta ce zaman shiru zai kashe ta kafin ƙura. Takunkumin ya koma wuya, don ba ta iya hira da shi a baki, ba ta iya hurawa. Kullum kuwa da gilashi a tanderu. Aikin otal ya tafi, suka yaba, suka aiko da wani. Ya karɓa. In ta yi tari sai ya tsaya da yanka har ta gama, sannan ya ci gaba. Da tela ta zo, sai matar ta wanke fuska ta kwanta, ta ce tun safe tana nan.

Ranar da abin ya zo, tana shara ne. Ya ji tsintsiya ta yi shiru. Ya waiwaya ya gan ta zaune a ƙasa cikin farin garin, baki buɗe, tana jan iska iskar ba ta shiga. Ya ɗauke ta. Ba ta da nauyi. Ya lura da wannan kamar yadda yake lura da kaurin gilashi.

A asibiti likitan nan ne. Ya dubi girarta, ya dubi farcenta, ya dubi Maigilashi. Tela ta iso da gudu, zare na maƙale a rigarta. Ta tsaya gabansa. Ya jira zagi. Ko mijin Yaya ba ta ce masa ba, ta kewaye shi ta shiga.

Matar ba ta mutu ba. An sallame ta da tukunyar iska da robar da ake sawa a hanci. Tela ta ce gidanta za a kai ta, bai yi gardama ba.

Ya koma ɗakin aiki shi kaɗai. Ya je taga. Ta daɗe a rufe har fenti ya liƙe ta, sai da ya sa guduma. Iska ta shigo ta kwashi ganyen da ke kan tebur ta zubar. Ya ɗaga murfin tanderu, can ciki wani abu ya ce tas. Bai duba ba.

Yana zuwa gidan tela da yamma. Ya zauna a kujerar roba kusa da gadon matarsa, ya ce mata ya jiki. Ta ɗaga hannu. Wani lokaci ya ga idonta ya yi irin hasken nan na in ta samo tsiyar da za ta yi masa. Ta ja numfashi, ta ce, "Malam..." Ta tsaya ta sake ja. Ya jira. Kafin iskar ta taru maganar ta wuce, sai ta girgiza kai ta rufe ido.

Iyakar abin da take iya kira ke nan yanzu. Sauran sunan ba ta da numfashinsa.