Ƙahon Cire Fillanci

Jiya bayan azahar na kifa kai a kan keken ɗinkina, na yi wani mafarki. Takardar Malam Sadisu ce ta jawo. Shi ne malamin ajin 'yata Diddi, kuma ya rubuto cewa yarinyar ba ta mai da hankali, wai harshe biyu ne ke raba mata kai, a hana ta Fillanci a gida. A gidan kuwa mutum ɗaya ke mata Fillanci, Dada, mahaifiyata, wadda tsufa ya kwashe mata Hausa sai 'yar gaisuwa. Ni nawa Fillancin ya gudu tun ina firamare. Na riga na yanke cewa da la'asar zan sa Diddi ta gaya wa kakarta a daina.

Sai ga ni riƙe da hannun Diddi a bakin wani gini mai allo: Hukumar Tattara Hankali. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, kowa ya sa lemarsa a ƙafa. Ban yi mamaki ba, wandona kawai na naɗe.

Daraktan wani bunsuru ne mai tabarau, da wari irin na manyan ma'aikata. Na miƙa masa takardar, ya cinye ta tas.

"Na karanta," ya ce. "Malamin nan yana da ilimi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Harshe nawa gare ta?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Subhanallahi! A kai ɗaya? Kai fa?"

"Ɗaya."

"Madalla. Ka ga shi ya sa kake da natsuwa."

Na ji daɗi ƙwarai, ko da yake a lokacin na lura takalmin Dada ne a ƙafata.

Aka ɗora kan Diddi a sikelin awon masara. Wata akuya ta jefo tsakuwa daga hagu, ta yi atishawa daga dama, ta tambaye ta wanne ya fara. Diddi ta amsa daidai, har ta ƙara da cewa akuyar ta ci albasa. Daraktan ya girgiza gemu.

"Ka gani ko? Komai sai ta lura da shi. Wannan ai cuta ce. A kira wanzami."

Wanzamin wata tsohuwar agwagwa ce da zabira a wuya. Ta kafa wa Diddi ƙaho a ƙeya, ta zuƙa sau uku, Fillancin ya fito fari sol kamar kindirmo. Ta juye shi a kwalba, ta toshe da totuwa, ta ajiye a kan wata kanta da ke jikin bango. Kwalabe ne jere har rufi. Can ƙasa na hango wata da ƙura ta rufe, an rubuta Bappa ɗan aji ɗaya. Sunana ne.

"Wannan tawa ce," na ce.

"Da can," in ji agwagwa. "Ya yi tsami. Ko kare ba zai sha ba."

Sai ga mu a tsakar gida. Diddi ta zauna ta zuba wa wata ƙusa ido a jikin bango. Kwana uku tana kallonta. Kaza ta hau kanta ta yi ƙwai, ba ta motsa ba. Malam Sadisu ya iso a kan keke yana tuƙawa da baya, ya rataya mata lambar ta ɗaya a wuya, ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin ɗaliba irin wannan ba. Na tambaye shi me ta koya. Ya ce ƙusa.

Nan ruwan ya sake tasowa, da ƙarfi wannan karon. Dada ta fito daga ɗaki, ruwan ya ɗaga ta da tabarmarta. Tana hawa a hankali, tana kallona, tana magana da sauri, tana nuna ni da yatsa. Magana ce mai muhimmanci, ko makaho ya ji muryar ya sani. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

"Diddi, me take cewa?"

"Baba, ina kallon ƙusa."

"Don Allah, uwata, ki juyo. Me take cewa?"

"Ban san wannan ƙarar ba."

Dada ta wuce katanga, ta wuce bishiyar darbejiya, bakinta bai daina motsi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Shekarata arba'in da biyu, ga uwata tana tafiya, kuma ban san ko albarka take sa min ko zagina take ba. Na yi tsalle, na kamo silifas ɗinta ɗaya.

Ƙarar murfin tukunya da ya faɗi ce ta tashe ni. Na ɗago da shatin zare a goshi. Dada na zaune daram a tabarmarta tana ta magana, Diddi na tsaye kaina da littafin lissafi a hannu.

"Baba, Dada ta ce sau uku tana gaya maka cewa ka riga ka ɗinke ƙafar wandon nan a rufe, mai shi ba zai samu wurin fitar da ƙafa ba. Kuma ta ce wace magana ce ka ce za ka faɗa mata da la'asar?"

Na duba wandon. Haka ne, na rufe shi ruf kamar buhu. Na ninke takardar Malam Sadisu na tura ƙarƙashin ƙafar keken, dama ya daɗe yana rawa.

"Diddi, yaya ake cewa 'na ji' da Fillanci?"

"Mi nani."

Na juya wajen Dada na faɗa. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce wa Diddi ta gaya min in sake.