Wasan da Baba Koci Ya Zaɓa

"Wannan na ukun fa, shi ma sai an zuba kuɗi?" Baba Koci ya tambaya, ya kai wayar dab da hancinsa.

"Shi caca ne tsantsa, Baba. Ko ka ci, ko a cinye ka."

"Goge shi. Da furfurata zan fara caca?"

Na goge. Ina zaune a bakin gadonsa, shagona na gyaran waya yana can a buɗe, katanga ɗaya ce tsakaninmu. An ɗora ƙafafunsa da suka kumbura a kan filo, ɗakin sai warin man zafi. Tsohon direban babbar mota ne, bai taɓa horar da kowa ba. A gidan kallo sunan Koci ya same shi, don ba ya iya kallon ƙwallo a zaune, sai ya miƙe yana nuna wa 'yan wasan cikin talabijin inda za su tsaya. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi bai sake leƙawa can ba.

Saura wasanni biyu a wayar. Na sake yi masa bayani: ka tsinto 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban, ka haɗa tawagarka, duk abin da suka yi a fili ya zama makinka.

"Wannan na mako-mako ne, ranar Lahadi an gama, a sake sabo. Wancan kuwa sai an bi shi har ƙarshen kakar wasanni. Ni da za ka ji tawa, ɗauki na makon."

"Me ya sa?"

"Ya fi sauƙi."

Ya sauke wayar, ya ƙura mini ido. "Mai waya, ashe kai ma ka zama likita. Kana ganin ba zan kai ƙarshen kakar ba ko?"

Na rasa inda zan sa idona. Mama, matarsa, ta shigo da kofin magani, ta ajiye ta ce, "Ka gaya masa gaskiya mana. Don Injiniya kake duk wannan."

Injiniya ɗansu ne, yana aiki a wani gari mai nisa. Da yana matashi shi ne golan unguwa, har ranar da aka zura masa wata ƙwallo mai sauƙi, uban ya yi masa tatas a gaban jama'a. Ya cire safar hannu a nan filin. Tun daga lokacin maganarsu ba ta wuce "ya jiki" da "da sauƙi". Mama ce ta ji yana irin wannan wasa da abokan aikinsa.

"To Baba, mu kira shi mu ji wanne yake yi. Ko ba komai sai ya ba mu lambar shiga rukuninsu."

"Kul! In ka kira shi ban yafe ba." Ya yi tari, ya huta. "Bari in fara tara maki tukuna. Ba zan je masa hannu rabbana ba. In ya ga tsohon ya san abin da yake yi, sai mu samu abin musu."

Lambar Injiniya tana cikin wayata. Na bar ta a inda take.

Dogon wasan, na kaka guda, ya ɗauka. Muka yi yammaci guda muna haɗa tawaga, yana kushe duk wanda na nuna. Wannan rago ne, wancan ƙafar hagunsa ta ado ce. Sai muka zo kan gola.

"Duk wanda ka ga dama sa," ya ce. "Aikin nan da wuya. Daga baya na gane."

Ranar Asabar za a fara kakar. Ranar Alhamis da la'asar ina cikin canja wa wata mata gilashin waya na ji salatin Mama ta katanga. Kafin in zagayo har an rufe shi da zane.

Injiniya bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso. Ranar Asabar, da masu ta'aziyya suka ragu, Mama ta miƙa masa wayar uban ta ce in buɗe masa. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Yana ganin manhajar ya ɗago.

"Wa ya sa masa wannan?"

"Shi ya zaɓa. So yake ya shiga rukuninku."

"Ai shi muke yi." Ya bi 'yan wasan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Duba tsaron bayansa. Duk tsofaffi. Da ya kira ni, wallahi da mun kwashi rigima." Ya juyo gare ni. "Kai ma ba ka kira ni ba?"

"Ya hana ni."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro tasa wayar, ya karanto lambar shiga rukuninsu, ya shigar a ta uban. Teburin rukunin ya buɗe, sunan Baba Koci yana can ƙasa, kowa da sifili a gabansa.

Mama ta ɗaga labule ta leƙo. "To wa ke gaba?"

"Ba a fara ba tukuna, Mama."

Ta tsaya a nan riƙe da labulen. Injiniya ya ajiye wayoyin biyu a kan tabarma, gefe da gefe, hasken fuskarsu ya dusashe ya mutu. Can ƙarshen layi mai gidan kallo yana fito da bencina, ya rage sautin lasifikarsa.